Gwangwanin Daddawar Inna

Jama'a, yau tonon asirin kaina na zo yi. Masu turo min saƙo kuna cewa, "Balgisa baiwar Allah, Allah ya saka miki a kan taurin kan Baba," don Allah ku dakata da addu'ar nan tukuna, kada ta dawo kaina. Ni ɓarauniya ce. Na yi sata ina 'yar shekara bakwai, abin da na sata kuma yana ɗakin girkinmu har ranar Asabar ɗin nan, cike da daddawa.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ga inda aka kwana. Ina son Lasane Nikiyema, shi ma yana sona, Baba kuma ya ce sai dai bayan ransa. Sau biyu kawunnan Lasane suna zuwa gidanmu a unguwar Larle da ƙullin goro, sau biyu ana ce musu mai gida ba ya nan, alhali ga babur ɗinsa a tsakar gida, ga takalmansa a bakin ƙofa, ga tarinsa yana fitowa ta taga. Zuwa na uku ranar Lahadi ne. Mahaifin Lasane, Baba Rasmane, ya riga ya gaya wa 'yan uwansa cewa in aka sake mayar da su, babu na huɗu.

Ranar Alhamis na dawo daga kantin maganin da nake aiki, ko ɗankwali ban cire ba, na tarar da Gwaggo Talato, yayar Baba, ta baje a tabarma ƙarƙashin mangwaro. Ta sha danfani, saƙin hannu na ƙasarmu, mai ratsin ja, tana ɓare gyaɗa tana zuba ɓawon daidai inda Inna ta gama sharewa.

"Ga amaryar garejin babura," ta ce. "Matso in sunsuna, in ji ko kin fara warin baƙin mai."

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya lau. Ɗan ƙawata na kwastan yana gaishe ki. Mota gare shi, mai ƙofa huɗu. Ke kuwa kin liƙe wa mai karyayyen haƙori."

"Rabi ne kawai ya karye, Gwaggo."

"Au, har kin auna?"

Ku bar Gwaggo da bakinta. Ni wannan guntun haƙorin ne ya fara tafiya da ni, ranar da babur ɗina ya mutu a gaban garejinsu na unguwar Dapoya, ya ɗago ya yi min murmushi da sifana a hannu. Na sha tambayarsa yadda aka yi ya karye, sai ya ce, "Ƙuruciya," ya sako wani zancen.

Baba yana kishingiɗe a kujerarsa, rediyo a kan ciki, farin gashin bakinsa yana motsi shi kaɗai. In ya fara haka, mun san magana na tafe.

"Ni ba ruwana da haƙorinsa," ya ce, bai kalli kowa ba. "Yaron ba shi da laifi, na yarda. Amma ba zan zauna tabarma ɗaya da mutumin da ya aiko min kwando wayam, ya kuma rantse a bainar jama'a cewa ya sa kaya a ciki ba. Shekara ashirin da ɗaya ana kirana Bukare Ba-Ƙarshe a garin nan. Har jikokin waɗanda suka raɗa min sunan sun iya shi."

Inna tana bakin murhu, ta ci gaba da tuƙa tuwo kamar kurma. Ni ma na shige ɗaki sumsum. Ina zama waya ta yi ƙara, saƙon Lasane ne.

"Lahadi ƙarfe goma. Tsoho ya ce wannan ce ta ƙarshe. Wai me muka yi wa babanki ne haka, Balgi?"

Na rubuta, "Ba ku yi komai ba." Na goge. Na rubuta, "Akwai maganar da zan gaya maka." Na goge. A ƙarshe na tura masa, "Ka ci abinci?" Kun ji fa tsoro.

To, sai na mayar da ku silima kafin ku gane kwandon da Baba yake nufi.

Inda shagon katifun nan yake yanzu a bakin kasuwar unguwarmu, nan Silimar Sugri take a da. Katanga huɗu ce ba rufi, bencin siminti a gaba na masu ƙaramin tikiti, kujerun ƙarfe a baya na masu zuwa da budurwa. Can sama akwai wani ɗan ɗaki mai huji biyu, nan Baba yake zama da majiginsa. Inna kuma tana bakin ƙofa da babbar robar zomkom, wato ruwan gero mai citta da tsamiya, da farantin gyaɗa. A goye na fara shiga silima, don haka ba zan ce muku ga ranar farko ba. Abin da na fara riƙewa shi ne wata baiwar Allah 'yar Indiya da ta yi ta kuka a cikin ruwan sama, har na ji tausayinta ya kama ni. Na fita na ɗebo mata zomkom a ƙoƙo, na zagaya bayan farin bangon don in ba ta. Awaki biyu na tarar, da wani mutum yana fitsari.

Na hau wurin Baba ina kuka, na ce sun gudu. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ɗora ni a cinya, ya nuna min zaren fim a gaban fitila. Ga matar nan, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar gero, ta jeru sau ɗari.

"A nan suke kwana," ya ce. "A cikin gwangwani. Sai na kunna musu wuta suke tashi su yi abin da za su yi."

Ku riƙe wannan maganar, don ita ta kai ni ta baro.

Kallo a Sugri ba zaman shiru ba ne. Babu mai jin Indiyanci, rubutun Faransancin da ke ƙasa kuma 'yan makaranta kaɗai ke kama shi, don haka kowane benci da nasa tafinta, kuma kowane tafinta da nasa labarin. In mugu ya laɓe wa jarumi, silima gaba ɗaya ta ɗauka, "Bayanka! Kai, bayanka!" In ya waiwaya, sai a yi ta tafi, an ceci rai. Akwai wata tsohuwa mai sayar da kuka, Yaba Poko, wadda ba ta fashi. Sau uku tana jifan bango da takalmi saboda wani mai ƙaton ciki da yake cin amanar marayu, sau uku ina zuwa ɗauko mata. In zare ya tsinke bango ya yi fari fat, sai fito ya tashi.

"Bukare! Barci kake?"

Shi kuma ya leƙo ta huji. "Wanda ya iya ya hawo!"

Wani abu da masu kallo ba su damu su sani ba shi ne, fim ɗaya silima biyu ke rabawa. Kowane fim yana zuwa a gwangwani biyar, masu faɗi kamar faifai. Silimar Lafi ta Dapoya takan fara da rabin awa kafin mu. Suna gama gwangwani na farko, sai a miƙa wa mai kai-kawo, ya ɗaure a bayan ɗan babur ɗinsa, ya keto gari ya kawo mana, ya koma ɗauko na biyu. Haka har biyar. Mai kai-kawon nan shi ne Baba Rasmane. Siriri ne a lokacin, hularsa kullum a karkace. Da yake matakalar ɗakin Baba tana can ciki, ga cunkoso, sai suka yi dabara: Baba ya zuro kwando da igiya ta tagar waje, ta gefen lungu. Baba Rasmane ya sa gwangwani, ya ja igiya sau biyu, ya wuce wurin Inna ya shanye ƙoƙo guda a tsaye, ya sake hawa babur. Baba kuma in hannunsa ya samu sarari sai ya janye kwandon. Abokai ne na ƙut da ƙut. Kwano ɗaya suke cin benga, wato wake da shinkafa, da rana, suna faɗa a kan wa ya fi kwashe waken. Ni kuwa Baba Rasmane yakan ɗora ni a gaban babur ya zagaya da ni kasuwa, yana ce min "uwar ɗakina."

Gwangwanayen a ɗakin majigin Baba suke kwana, don shi ke da ƙofar ƙarfe. In sabon fim ya zo, da safe yakan gwada shi a kan wani farin ƙyalle a cikin ɗakin, ya ga ko akwai inda ya tsinke, kafin a kwasa a kai Dapoya. Wata Asabar aka kawo wani wanda daga baya unguwa ta sa wa suna Direban Jirgi. Ina kan cinyar Baba muka kalle shi tun daga farko. Wani direban jirgin ƙasa ne mai gashin baki, matarsa ta rasu, yana da 'yar yarinya da yake ɗorawa a wuya duk inda za shi. Gashin bakin nan, wallahi kamar an ciro na Baba an manna masa. Gwangwani huɗu ana waƙa ana rawa. A na biyar, gada ta karye, ya tsayar da jirgi ya ceci mutane, shi kuma ya tafi. Aka nuna yarinyar a tasha tana riƙe da kwanon abincinsa tana jira.

Ban yi kuka a gaban Baba ba. Shi hankalinsa yana kan zare, yana cewa, "Wannan yau sai an share hawaye da zani." Ni kuwa lissafi nake. Ai Baba da bakinsa ya ce sai ya kunna musu wuta suke yin abin da za su yi. Ke nan in ba a kunna na biyar a gaban mutane ba, direba yana nan da ransa, yarinya kuma babanta zai dawo ya ci abincinsa.

Bayan magariba silima ta cika har kan katanga. Na tsuguna a lungu bayan tulin kujerun da suka karye, ina ƙirga zuwan babur. Na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. A zuwa na biyar Baba Rasmane ya sa gwangwani a kwando, ya ja igiya sau biyu, ya nufi wurin Inna yana cewa, "Zenabo, cika min, yau na gama." Na fito, na rungumo abin nan da hannu biyu, nauyi kamar jariri. Na zagaya ta bayan Inna lokacin tana zuba masa, na tura shi ƙasan babban kwanon da take kife ƙorai, na ja tsumma na rufe. Ina gamawa na ga kwando yana hawa sama, yana lilo, ba komai.

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya girma a Larle zai ba ku labari. An tsaya daidai inda jirgi ya doshi gada, bango ya yi fari. Aka yi fito, aka yi ihu, aka fara jifa da ɓawon rake, daga nan kujeru suka fara tashi. Yaba Poko ta jefa takalmi biyu duka, wannan karon tagar Baba ta nufa. Mai silima ya zo yana haki. Baba ya sauko ya rantse kwando wayam ya jawo. Baba Rasmane ya cire hula ya rantse da hannunsa ya sa. Duka biyun gaskiya suka faɗa, mai ƙaryar tana maƙale da zanin uwarta tana tsotsar yatsa. Mai silima ya ce ko dai an yar a hanya ko an sayar, kuma wanda yake hanya shi ne mai babur. A daren aka sallami Baba Rasmane. Bai yi wata biyu ba ya kwashe iyalinsa ya koma Dapoya, don yara sun fara bin sa suna "ɓarawon fim."

Mutanen Dapoya sun ga ƙarshen, tunda a wurinsu aka fara haskawa, amma don mugunta kowa da irin ƙarshen da yake ba 'yan Larle. Wani ya ce direba ya auri 'yar sarki, wani ya ce ashe mafarki yake. Har yau in ɗan Dapoya yana son tsokanar ɗan Larle a wurin biki, sai ya ce, "In gaya maka yadda ta ƙare?"

Gwangwani kuwa, Inna ce ta ɗauko shi a ka har gida, tana cewa, "Yau kayan nan sun yi nauyi." Bayan mako guda ta aike ni ɗakin girki, na gan shi a kan kanta, an kankare takardar jikinsa, an shafe shi da toka. Na kalli Inna, Inna ta kalle ni.

"Miƙo min daddawa," ta ce.

Shi ke nan maganar da muka taɓa yi a kai. Baba kuwa, irin mazan nan ne da ko gobara ake a ɗakin girki sai dai su tsaya a ƙofa su ba da shawara. Shekara ashirin da ɗaya yana shan miya daga gwangwaninsa na biyar, yana yaba hannun Inna.

Kada ku ce ban damu ba. Na damu. Amma yaro yana girma, abu yana nisa, sai ya zama kamar a wani fim ka gani. Da na haɗu da Lasane ban san ɗan wane ne ba sai da tafiya ta yi nisa. Ranar da ya kai ni gaida mahaifinsa, na ga hular nan a karkace, nan take na gane shi. Tsohon ya dube ni ya ce, "Uwar ɗakina ce ta girma haka?" Ya sa aka sayo min lemo. Kunya ta hana ni sha.

Asabar da safe na sami Inna tana jajjaga kayan miya. Na ja kujera 'yar tsugunno na zauna.

"Inna, gwangwanin daddawa."

"Ta ƙare ne?"

"Inna."

Ta ajiye taɓarya. Ta leƙa tsakar gida, ta ga Baba ya fita, ta dawo ta zauna.

"Na ɗauka sai na mutu za ki buɗe baki," ta ce.

"Me ya sa ba ki mayar ba tun a lokacin?"

"Da safe na gan shi, bayan an kori mutum, an fasa kujeru, ubanki ya rantse a gaban unguwa. In na fito da shi, a ce matar mai majigi ce ta sace, shi ma a kore shi, ke kuma ya karya ki. Na ce bari ƙura ta lafa. Ƙura ta lafa, sai kunya ta taso. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na haɗiye. Amma ban ji daɗi ba, Balgisa. Duk ranar da na haɗu da matar Rasmane a kasuwa, layi nake canzawa."

"Zaren fa? Kin ƙone?"

"In ƙone mutane? Yana ƙasan akwatina, na naɗe shi a zanin aurena."

Na ce yau zan faɗa. Ta dube ni ta ce in bari ya ci abinci tukuna, kada a yi asarar tuwo. Ta juye daddawar a kwano, ta wanke gwangwani da sabulu har sau uku. Wari dai ya ce yana nan daram.

Bayan la'asar na sa doguwar rigata mai ruwan toka, wadda nake zuwa gaisuwar mutuwa da ita. Baba yana kujerarsa, Gwaggo Talato tana tabarmarta, don ita in ta ji ƙamshin magana ba ta komawa gida. Na durƙusa na ajiye gwangwani a gaban Baba, zaren yana ciki.

Ya kashe rediyo. Ya daɗe yana kallo kafin ya sa hannu ya buɗe. Ya jawo bakin zaren ya ɗaga a rana, ya runtse ido ɗaya, kamar jiya ya bar aikin.

"Gada," ya ce a hankali. "A ina kika samo wannan? Rasmane ne ya ba ki? Na faɗa! Ashe yana wurinsa!"

"Baba, bai taɓa barin gidan nan ba. Ni na cire shi daga kwando."

Gwaggo ta saki salati, gyaɗa ta watse.

"Ke? Kina 'yar mitsitsiyarki? Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"To don me? Don me, Balgisa? Kin san abin da kika jawo? Mutum da iyalinsa! Abokina!" Muryarsa ta tashi har kajin maƙwabta suka amsa. Ban taɓa jin ya ce "abokina" a kan Baba Rasmane ba sai ranar.

Na yi niyyar in yi bayani irin na manya, na tsara tun dare. Amma da na buɗe baki, yarinyar nan ta lungu ce ta yi magana.

"Kai ka ce sai ka kunna musu wuta suke yin abin da za su yi. Ni kuma ba na so baban yarinyar ya mutu. Gashin bakinsa irin naka ne."

Gashin bakin Baba ya yi ta motsi, amma magana ba ta fito ba. Ya mayar da zaren, ya rufe, ya sunkuyar da kai. Can sai ya ɗaga gwangwanin ya kai hanci.

"Zenabo! Me ya sa fim ɗina yake warin daddawa?"

Inna daga ƙofar ɗakin girki ta ce, "Da ka taɓa shigowa ka taya ni ɗauko gishiri, da ka gan shi tun kana da baƙin gashi."

Gwaggo ta fashe da dariya har da buga cinya. Baba bai yi ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da rigarsa ta danfani ta sallar idi, ya tura babur waje.

"Hau," ya ce min. "Ke kika ɗauko, ke za ki riƙe."

Daga Larle zuwa Dapoya ba nisa, amma ranar na ga tsawonta. Gwangwani a cinyata, Baba yana tuƙi har muka kusa. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Hanyar nan Rasmane yake bi sau goma a dare ɗaya. Ko sau ɗaya bai taɓa makara ba."

Garejin yana cike da babura da masu jira. Lasane yana tsugune gaban wani inji, ya ɗago ya gan mu, sifana ta faɗi daga hannunsa. Baba Rasmane yana kan benci da carbi. Baba ya kafe babur, ya karɓi gwangwani daga hannuna, ya taka har gabansa. Sai ga Bukare Tapsoba, mutumin da ko gaisuwa ba ya fara yi wa kowa, ya cire hula ya durƙusa a cikin baƙin mai da rigar idi.

"Rasmane, ka sa a kwando. Na yi maka ƙarya ban sani ba, na kuma riƙe ta shekara ashirin da ɗaya. Ga mai laifin nan, ga babban mai laifi kuma a gabanka."

Na durƙusa na faɗi nawa, ina yi ina jan hanci. Baba Rasmane ya saurara har ƙarshe. Ya karɓi gwangwanin ya ɗora a cinya, yana shafa murfin. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce an kira shi ɓarawo a gaban 'ya'yansa, matarsa ta yi shekara ba ta zuwa suna a Larle, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne Bukare bai taɓa zuwa ya tambaye shi su biyu ba. Baba ya ce haka ne. Sannan tsohon ya ɗaga hannu ya duba agogo.

"Bukare, ka makara. Da ni ne da tuni an kore ni."

Masu jiran babura suka kwashe da dariya. Ya kama hannun Baba ya zaunar da shi a benci, ya juyo gare ni.

"Uwar ɗakina, matso. Ni shekara tara ina ɗaukar fim a bayana, ban taɓa ganin ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba, kullum ina hanya. Wannan kuwa ba wanda ya isa ya yi zancensa a gabana. Gaya min gaskiya. Direban nan, ya mutu?"

"Ya mutu, Baba."

Ya girgiza kai. "Yarinyar fa?"

"Tana tasha tana jiransa da abinci."

"Kai!" ya ce. "To gara da kika ɓoye."

Kowa ya yi dariya ban da mutum ɗaya. Lasane yana tsaye inda muka same shi, yana goge hannu da tsumma, hannun da ya riga ya goge. Na ga harshensa yana taɓa guntun haƙorin nan. Ƙanwarsa da ta kawo wa su Baba ruwa ta raɗa min a kunne, "Kin san a kan gwangwanin nan ya karye? Wani ne a makaranta ya ce masa ɗan ɓarawon fim. Shekara uku yana dambe."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige. Haƙorin da nake yi wa kirari, ashe ni na karya shi. Har muka hau babur bai dube ni ba. Tsofaffin biyu kuwa sun riga sun fara musu a kan wa ya san inda za a samo majigi mai aiki, don Larle ta ga ƙarshenta.

Muna isa gida na shige ɗaki na riƙe waya da hannu biyu. Ta nuna Lasane yana rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Inna ta kira ni cin tuwo na ce na ƙoshi, Gwaggo ta ce ai dama ɓarawo ba ya cin abinci ranar da aka kama shi. Sai da aka kira magariba saƙon ya shigo.

"Kawunnai za su zo ƙarfe goma, ki gaya wa babanki ya ɓoye takalmansa in zai ɓuya. Tsoho ya yafe. Ni ban yafe ba tukuna. Gobe in sun tafi, ki zauna ki ba ni labarin gwangwani na biyar da bakinki, tun daga gada har tasha, in ji ko ya kai haƙori ɗaya."